Ɗan Sabo Da Karatun Ƙera Wasannin Kwamfuta

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da takardun jarrabawar shiga jami'a, sai a ji wata 'yar taƙaddama ta tashi a gidajen 'yan Arewa mazauna Kudu, kama daga Agege da Idi Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har can Anaca da Fatakwal. Uban da ya shekara 20 yana shan rana a kasuwar Mile 12, ko a zangon shanu, ko wurin canjin kuɗi a bakin titi, burinsa bai wuce ya ga ɗansa ya zama likita ko lauya ko injiniya ba, domin ran da aka koma gida a san zaman Kurmi bai tafi a banza ba. To, a 'yan shekarun nan sai ga wani sabon zance ya shigo. Yaro zai dubi mahaifinsa ya ce shi karatun ƙera gem yake so, watau wasannin nan da ake bugawa a kwamfuta da talbijin da wayar hannu, kuma wai har digiri ake bayarwa a kansa.

Ba abin mamaki ba ne in uba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Abin da ya sani game da gem bai wuce ɗan shagon nan na bayan layi ba, inda yara kan tattara kuɗin tara su biya mai janareto don su buga ƙwallon PlayStation har a yi sallar magariba ba su sani ba. Wani uban ma a wurinsa gem da caca duk ɗaya ne, tun da yake shagunan cacar ƙwallo sun cika unguwanni, kuma ya ga 'ya'yan maƙwabta da suka lalace a cikinsu. Wannan tsoro yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 1 ga Janairu 2022 ta fara aiki da sabon kundin cututtuka wanda ya sa kamuwa da jarabar wasannin kwamfuta a cikin jerin, ƙasar Sin kuwa tun 2021 ta ƙayyade wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal a mako na wasa ta intanet.

Amma fa abubuwa uku ne ake cakuɗawa wuri guda. Buga wasa daban, caca daban, ƙera wasa kuma daban. Mai hawan doki ran salla ba shi ne baduku mai ɗinka sirdi ba. Kuma kafin uba ya ce i ko a'a, ya kamata ya san abin da ake koyarwa a wannan fanni, da abin da ake samu a cikinsa, da kuma ramin da ke kan hanya, domin akwai shi.

Lissafi Ne Tsagwaronsa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya ga yadda yake ƙirga zare, ya soka allura nan, ya tsallake can, har zane ya fito. Haka fuskar kwamfuta take. Ƙananan ɗigo ne jere reras, kowane ɗigo da launinsa, kowane launi kuma lamba ce. A irin fuskar da aka fi sayarwa akwai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600 ke nan. Kafin ɗan ƙwallon da yaro ke gani ya yi gudu ba tare da ƙyafƙyaf ba, tilas na'ura ta sake zana waɗannan ɗigo duka sau 60 a cikin daƙiƙa guda, watau fiye da ɗigo miliyan 124. Mai ɗinkin hula yakan yi makonni a kan hula ɗaya, ita kuwa na'ura ba a ba ta ko ƙiftawar ido ba. Aikin ɗalibin wannan fanni shi ne rubuta umarnin da zai sa ta cim ma wannan sauri.

Ɗan ƙwallon nan da motar tsere da dutse da bishiya, duk ba hotuna ba ne da aka ɗauka da kyamara. An gina su ne da dubban ƙananan siffofi masu kusurwa uku, waɗanda malaman lissafi ke kira alwatika. In ana so mota ta juya, ko ta matso, ko ta yi nisa, sai a ɗauki lambobin kusurwoyinta a buga su da wani jadawalin lambobi mai gida 4 a tsaye da gida 4 a kwance, wanda duk almajirin da ya gan shi zai ce hatimi ne. Ba kuwa zai yi nisa da gaskiya ba, domin jera lambobi a gidaje bisa ƙa'ida ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Bayan siffa sai haske. Tilas ɗalibi ya san yadda haske ke faɗa wa abu ya dawo, da yadda inuwa ke kwanciya, da abin da ya sa ruwa ke ƙyalli amma bangon ƙasa ba ya yi. Tushen wannan ilmi yana komawa ga Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Masar wajen shekaru 1,000 da suka wuce, wanda ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba. Sa'an nan ga ilmin motsi: in an buga ƙwallo da ƙarfi kaza ta kusurwa kaza, ina za ta faɗi, in mota ta daki bango yaya za ta wuntsila. Duk waɗannan sai an mai da su lissafi, an rubuta su da harsunan kwamfuta irin su C++ da C#, waɗanda kuskuren ɗigo ɗaya a cikinsu kan tsai da aikin kwana bakwai.

Saboda haka yaron da ya zaɓi wannan karatu don gudun wahalar likitanci, ya gudu ne daga ruwa ya faɗa kogi. A cikin rassan ilmin kwamfuta kaɗan ne suka kai zane nauyin lissafi. Da yawa daga cikin masu shigarsa a Turai don son buga wasa sukan gano wannan tun a zangon farko.

Asalin abin ma daga jami'a ya fito. A 1962 wasu matasa a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, ƙarƙashin Steve Russell, suka rubuta wasan Spacewar a kan wata na'ura mai girman kabad. A 1968 Ivan Sutherland ya koma Jami'ar Utah ya haɗu da David Evans, suka mai da sashen kwamfuta na wurin ya zama cibiyar ilmin zane ta duniya. Daga wannan jami'a guda aka sami Ed Catmull, wanda ya jagoranci kamfanin fina-finan zane na Pixar, da John Warnock na kamfanin Adobe, da Jim Clark na Silicon Graphics, da kuma Nolan Bushnell wanda ya kafa Atari a 1972 ya fito da wasan Pong. Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya riƙe takardar digirin ƙera wasa. Lissafi da kimiyya da injiniyanci suka karanta.

Digiri mai ɗauke da sunan wasa ya zo ne daga baya. Jami'ar Abertay da ke garin Dundee a Sikotilan ta buɗe nata a 1997, kuma ba haka kawai ta yi ba. A garin akwai kamfanin DMA Design da ya fitar da wasan Lemmings a 1991, da Grand Theft Auto a 1997 ɗin, yana neman ma'aikata. A Amurka ma makarantar DigiPen ta kafa harabarta a garin Redmond a 1998, maƙwabtaka da ofishin Nintendo, kuma a garin ne hedkwatar Microsoft take. Watau kasuwa ce ta fara ci, sa'an nan makaranta ta zo ta kafa rumfa a gefenta. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk mai tunanin yadda abin zai kasance a Nijeriya.

Kuɗi Da Korar Ma'aikata

Maganar cewa akwai kuɗi a harkar ba ƙarya ba ce. Masu bin diddigin kasuwa sun ƙiyasta cinikin wasannin kwamfuta a duniya a 2023 da fiye da dala miliyan dubu 180, kusan rabinsa daga wayar hannu. Kashi na biyar na Grand Theft Auto, wanda magadan wancan ƙaramin kamfani na Dundee suka ƙera, ya yi cinikin dala miliyan dubu guda cikin kwana 3 da fitowarsa a 2013. A watan Oktoba na 2023 Microsoft ya kammala sayen kamfanin Activision Blizzard a kan dala miliyan dubu 69, ko kusa da haka. Ƙasar Sa'udiyya ma ba a bar ta a baya ba. A 2022 ta ba da sanarwar zuba kimanin dala miliyan dubu 38 a harkar ta hannun kamfaninta na Savvy, a 2024 kuma birnin Riyad ya karɓi gasar duniya ta wasannin kwamfuta da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60.

Daɗin daɗawa, ilmin zanen ya haifar da abin da ya fi wasan girma. Kamfanin Nvidia, wanda aka kafa a 1993, sana'arsa ita ce ƙera wata 'yar ƙwaƙwalwa ta musamman da ake sa wa kwamfuta don zana waɗancan miliyoyin ɗigo cikin sauri. Shekara da shekaru 'yan wasa ne manyan masu sayenta. A 2012 sai wasu masana a Jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka ɗauki guda 2 daga cikin irin waɗannan ƙwaƙwalen na wasa suka horar da na'ura ta riƙa gane abin da ke cikin hoto, suka kuwa yi wa abokan takara fintinkau. Daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso. A watan Yuli na 2025 darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 4, shi ne kamfani na farko da ya taɓa kaiwa nan. Ɗalibin da ya iya sarrafa wannan ƙwaƙwalwa don zana motar tsere, ya riƙe makullin ɗakin da duniya ke rububin shiga.

To, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. A daidai lokacin da ake ƙirga waɗannan kuɗaɗe ne ma'aikatan harkar suka ga tashin hankalin da ba su taɓa gani ba. Lokacin annobar korona a 2020 da 2021 mutane suna kulle a gida, ciniki ya bunƙasa, kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata kamar ba gobe. Da aka buɗe gari, kuɗin ruwa ya hau a bankunan Turai da Amurka, sai aka shiga sallama. Epic Games ya kori mutum 830 a Satumba 2023. A Janairu 2024 Unity ya sallami 1,800, Microsoft kuma, wata 3 kacal bayan wancan gagarumin ciniki, ya sallami 1,900 daga sashen wasanninsa. A Fabrairu Sony ya bi sahu da 900, ya rufe ma'aikatarsa ta Landan ɗungurungum. Masu lissafi sun ce waɗanda suka rasa aiki sun haura 10,000 a 2023, a 2024 kuma adadin ya zarce haka.

Nan ne ramin yake. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta gaba ɗayanta, in an kore shi daga kamfanin wasa, gobe yana iya neman aiki a banki ko kamfanin waya ko na mai. Wanda kuwa takardarsa ta ce tsara wasanni kaɗai ya koya, musamman irin kwasa-kwasan da suka rage lissafi suka cika koyar da danna maɓallan wata manhaja guda, to shi kam ya zama kamar direban da bai iya tuƙa kowace mota ba sai ƙirar kamfani ɗaya. Ko a Ingila da Amurka wannan muhawara ba ta mutu ba, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar aiki sukan fifita mai cikakken ilmin kwamfuta wanda ya zo da wani abu da ya ƙera da hannunsa.

Ina Aka Kwana A Gida?

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu wanda ya ware ilmin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma rarraba shi. Aka sami kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar bayanai, da sauransu. A jerin da aka fitar a lokacin babu digiri mai sunan ƙera wasa. Sai dai tsarin ya ce hukumar ce za ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da ita. Cikin wannan kashi 30 ne duk jami'ar da ta ga dama za ta iya faɗaɗa darasin zane da kwamfuta, wanda dama yana cikin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da yawa, galibi a shekarun ƙarshe. Ita ma hukumar NBTE ta Kaduna, mai kula da kwalejojin fasaha, a farkon 2024 ta raba babbar difloma ta kwamfuta gida 4.

Rashin wancan suna ba hasara ba ce kamar yadda yara ke zato. Ga abin da ya faru da ma'aikatan Turai, wataƙila ma gyara kayanka ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake koyarwa. Kukan da ɗalibai suka daɗe suna yi shi ne a allo ake zana musu abin da ya kamata su gani a na'ura, ɗakin kwamfuta kuma in akwai wuta babu makulli, in akwai makulli babu wuta. Ga yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a 2022 ya ɗauki wata 8 cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ilmin zane kuwa ba ya shiga kai ta hanyar hadda. Sai an rubuta, ya ƙi, an gyara, ya sake ƙi.

Wannan ne ke sa wasu iyaye masu ɗan hali, musamman 'yan canji da manyan dillalan shanu da na gwari, su fara tunanin tura yaro waje. Kafin 2023 lissafin yana iya fita. Amma tun da gwamnati ta saki Naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin makaranta na Fam 15,000 a shekara, wanda ba shi ne mafi tsada a Ingila ba, ya koma kusan Naira miliyan 30 a canjin 2024, ban da ci da sha da haya. A watan Mayu na 2024 ne labari ya bazu cewa Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, wadda ta yi suna a fannin wasanni da fina-finan zane, ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya da suka kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar Naira, aka kuma umarci wasunsu su bar ƙasar. Uban da zai sayar da gida a Fagge ko fili a Funtuwa don wannan tafiya, ya kamata ya tambayi kansa abin da yaron zai riƙe in an kai shekara ta biyu kuɗi ya yanke. A nahiyar Afirka ma akwai inda ake yi, domin Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg tana da kwas na tsara wasanni, har da reshen da ke haɗe da injiniyanci, amma nan ma da kuɗin waje ake biya.

Shin akwai kasuwar a gida? Akwai, amma ƙarama ce, kuma kusan dukkanta a Ikko take. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, a shekarar ce kuma Abiola Olaniran ya kafa Gamsole. Maliyo ya fara shirin horar da matasa mai suna GameUp Africa a 2021 tare da Google, a 2024 kuma shi ya ƙera wa Disney wasan waya na fim ɗin zanen nan Iwájú, wanda labarinsa a kan Ikko yake. A Kamaru kamfanin Kiro'o na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, a Gana akwai Leti Arts tun 2009. Duk da haka in aka haɗa ma'aikatansu gaba ɗaya ba za su cika babban ɗakin lacca guda ba. Matsalarsu a fili take: 'yan Nijeriya suna buga wasa ƙwarai, amma na kyauta, kuma na ƙasashen waje. Jami'ar da za ta yaye ɗalibai 100 a shekara da takardar wasa zalla, ina za ta kai su?

Sai dai zane da kwamfuta ya fi ƙarfin wasa. Da shi kamfanonin mai na Fatakwal da Warri ke duba siffar ƙarƙashin ƙasa kafin su haƙa rijiya. Da shi mai zanen gini ke nuna wa Alhaji gidansa ciki da waje tun ba a aza tubali ba, da shi na'urar asibiti ke haɗa hoton cikin jikin majiyyaci, da shi ake koyon tuƙin jirgin sama a ƙasa kamar yadda ake yi a kwalejin Zariya. Wannan ma amsa ce ga iyayen da ke da damuwa ta addini game da zana mai rai. Malamai sun yi sabani a kan hukuncin hoton da ba shi da jiki, kuma kowa da malamin da yake bi, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da gadoji da injuna da taswirori da zai ƙare rayuwarsa yana zanawa da ilmin nan guda.

Abin Da Ɗan Kudu Ya Fi Ɗan Gida

Akwai wata dama da 'ya'yan 'yan Arewa mazauna Kudu suke da ita wadda ba kowa ya lura da ita ba. Yaron Idi Araba tafiyar mota ɗaya ce tsakaninsa da Yaba, inda Jami'ar Ikko da Kwalejin Fasaha ta Yaba da cibiyar CcHUB suke, wurin da Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarta a 2016. Yaron Agege kuwa ga kasuwar Computer Village ta Ikeja a hancinsa, inda ake samun kwamfutar hannu ta gwanjo. Ya tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci a baki. Bugu da ƙari, a ƙa'idar shiga jami'o'in Tarayya ana ba da kashi 45 ga cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani, mafi yawansu kuwa na Arewa ne. Uban da bai nema wa ɗansa takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali ba sai ana gobe rufe rajista, shi ya jawo wa kansa.

Kayan koyon ma yanzu ba su da shamaki. Manhajar Blender ta gina siffofi kyauta ce tun 2002, Godot ta haɗa wasa kyauta ce tun 2014, ita kuwa Unreal, wadda manyan kamfanoni ke aiki da ita, ba ta karɓar kaso sai cinikin wasa ya wuce dala miliyan guda. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, tare da hukumar NITDA da Malam Kashifu Inuwa Abdullahi ya fara shugabanta a 2019, suka buɗe shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3, ƙera wasanni da fina-finan zane suna cikin sana'o'in da aka lissafa. Horon 'yan watanni ba zai maye gurbin digiri ba, amma ya isa ya nuna ko yaro da gaske yake.

Hausawa suka ce ba a ƙwace wa yaro garma. Uban da ɗansa ya zo masa da wannan zance ba ya bukatar faɗa, ba ya kuma bukatar sanin kwamfuta. Ya ce masa cikin hutun nan ya ƙera ɗan ƙaramin abu ya kawo a gani, ko da dara ce ta gidaje 30 da mutum biyu za su buga a waya. Mai son buga wasa kawai, mako guda zai yar da garmar. Wanda ya kwana yana neman dalilin da ya sa ɗan dara ya ƙi zama a gidansa, har ya manta da abinci, to wannan a sake duba lamarinsa. In kuwa diya mace ce ta nuna wannan hali, aikin ya ma fi dacewa da yanayin gidaje da yawa, tun da ana yinsa daga ɗaki, a kuma biya mutum daga wata ƙasa. Labaran da za a ƙera ma ba su ƙare ba. Dambe da kokawa da langa, Gizo da Ƙoƙi, Sarauniya Amina da ganuwowinta, duk suna nan babu wanda ya ci kasuwarsu, alhali masu jin Hausa sun kai miliyoyi daga Sakkwato har Kumasi da Sudan.

Amma ƙofar duk wannan ƙunci gare ta. Mai neman kimiyyar kwamfuta tilas ya ci lissafi da Turanci da fizis a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma rubuta lissafi da fizis a JAMB. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura da ya shafi mutum 379,997 a Ikko da jihohi 5 na Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ko an cire wannan kuskure, makin da jami'o'i irin na Ikko da Badun da Zariya da Bayero ke nema a fannin kwamfuta ba kaɗan ba ne.

Shawarar kuma ba a ajin ƙarshe ake yanke ta ba. A shekarar farko ta babbar sakandare ne ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu na kasuwanci, wasu na adabi, kuma a makarantun gwamnati da ke kusa da Sabo da Zango sau da yawa ana yin rabon nan uba yana kasuwa bai sani ba. Yaron da aka tura ajin kasuwanci yana shekara 15 ya rabu da fizis ke nan, darasin ƙarin lissafi mai zurfi kuwa, wanda a cikinsa ake fara koyon wancan jadawali mai kama da hatimi, makarantu da yawa ba su da malaminsa sam. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da fadojin Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu sun saba tara kuɗi don gyaran masallaci, da kai gawa gida, da belin wanda aka kama. Albashin malamin lissafi guda da zai riƙa zama da yaran unguwa Asabar da Lahadi bai kai kuɗin motar gawa ɗaya daga Ikko zuwa Kano ba.